Lambar da ta fi ƙarfin taskar sarki

Ga wata lamba, mai karatu ya gwada faɗar ta da baki ba tare da harshensa ya sarƙe ba: 18,446,744,073,709,551,615. Alƙaluma ashirin ne cif. Kakanninmu da suka yi ciniki da wuri sun san ɗari da dubu da zambar, sun kuma san keso, wato wuri dubu ashirin; abin da ya zarce ƙidayarsu sai su ce malala gashin tunkiya, su wuce. Mu kuma rediyo da kasafin kuɗin gwamnati sun saba mana da miliyan da biliyan, a 'yan shekarun nan har da tiriliyan. Duk da haka wannan lamba ta tsere wa sunayen da muke da su. Iyakar abin da za mu iya cewa shi ne tiriliyan sau miliyan goma sha takwas da 'yan kai, su kansu 'yan kan kuwa sun haura tiriliyan dubu ɗari huɗu.

Ba girmanta ne ya sa na zaɓe ta ba, domin kowane yaro na iya rubuta wadda ta fi ta, ya yi ta jera sifili har takarda ta ƙare. Na zaɓe ta ne saboda lamba ce mai tarihi, mai dangi, kuma idan aka tsaga cikinta za a tarar da ayyukan manyan masana lissafi guda uku a kwance, ɗaya kusa da ɗaya. Sannan, ko mai karatu ya sani ko bai sani ba, tana cikin wayar da ke aljihunsa.

Labarinta ya zo mana ta hannun malaman Musulunci. Alƙali Ibn Khallikan, wanda ya fara rubuta littafinsa na tarihin mashahuran mutane, Wafayatul A'ayan, a Alƙahira a shekarar 1256, ya kawo ƙissar wani mai hikima na ƙasar Indiya, Sissa ɗan Dahir, wanda aka ce shi ya ƙirƙiro darar nan da Larabawa ke kira shaɗaranji. Allon darar yana da gida 64, layi takwas, kowane layi gida takwas. Da wasan ya ƙayatar da sarki, sai ya ce wa Sissa ya faɗi tukuicin da yake so. Sissa ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ruɓanyawa har gida na ƙarshe. Sarki ya ga an raina kyautarsa. Sai da ma'aji ya zauna ya yi lissafi aka gane cewa duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba. Tun kafin Ibn Khallikan, wajen shekara ta 1000, Abu Raihan al-Biruni ya riga ya fitar da jimillar daidai, alƙalami bayan alƙalami, ba tare da kwamfuta ba, kuma ita ce lambar da ke saman wannan shafi.

Yadda ake samun jimillar ba wuya. Gida biyu na farko sun tara ƙwaya 3, wato saura ɗaya su kai 4 da ke gida na uku. Gida uku sun tara 7, saura ɗaya su kai 8. Gida huɗu sun tara 15, saura ɗaya su kai 16. Kullum abin da aka tara a baya yakan gaza abin da ke gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Saboda haka jimillar gida 64 ita ce a jera biyu guda 64, a ninka su gaba ɗaya, a ɗebe ɗaya.

Ibn Khallikan da kansa ya ambata cewa wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ne ya fahimtar da shi girman abin, ta hanyar mayar da ƙwayoyin zuwa mudu da rumbu. Bari mu bi sawunsa da ma'aunin kasuwar Dawanau. Mu ƙaddara ƙwayar alkama dubu tana da nauyin giram 40, wanda shi ne kimanin nauyin alkama mai kyau. Layin farko gaba ɗayansa ƙwaya 255 ne, ko tafin hannu ba su cika ba. Layi biyu, ƙwaya 65,535, kilo biyu da rabi da ɗan ɗoriya, abin da uwargida za ta auna a kwano. Layi uku, buhu bakwai ba kaɗan. Layi huɗu, wato rabin allo, ƙwaya 4,294,967,295, kimanin tan 172, lodin tirela shida. Har zuwa nan sarki na iya murmushi, domin attajirin Dawanau ɗaya ma zai iya biya. Amma kowane layi yana ninka na bayansa sau 256. A layi na biyar an kai tan dubu 44. A na shida tan miliyan 11. A na bakwai tan biliyan uku ba kaɗan. A na takwas kuwa tan biliyan 738. Duniya gaba ɗayanta tana noma alkama kimanin tan miliyan 800 a shekara. Ke nan sai ta yi noman shekara ɗari tara da wani abu, ba wanda ya taɓa ko ƙwaya, kafin a sallami Sissa. Da za a ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ƙwaya guda a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai an shafe shekara biliyan 584.

Kuskuren sarkin ba na jahilci ba ne, na ɗan Adam ne. Hankalinmu ya saba da tarawa, bai saba da ruɓanyawa ba. Mun san da yayyafi kogi kan cika, amma ba mu da karin magana a kan abin da yake ninka kansa kowace safiya, domin a rayuwar gona da kasuwa ba a cika ganin irinsa ba. Wannan giɓi ne 'yan damfara suke shiga ta cikinsa. Mai karatu zai tuna MMM, tsarin nan na Sergei Mavrodi ɗan ƙasar Rasha, wanda ya yi wa 'yan Najeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata, har ya rufe asusun mutane a watan Disambar 2016. A ɗora wannan alkawari a kan allon Sissa a gani. Naira dubu ɗari, idan ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, za ta zama miliyan biyu da dubu ɗari uku a shekara guda, a shekara biyar kuwa ta zama naira biliyan 686. Masu zuwa bayansa sun ma fi shi rashin kunya, suna cewa za su ruɓanya kuɗi duk wata. Naira dubu ɗaya da ake ruɓanyawa duk wata, a wata na 36 za ta kai tiriliyan 68, alhali kasafin kuɗin Tarayyar Najeriya na 2025 bai cika tiriliyan 55 ba. Babu sana'ar da ke haifar da wannan a doron ƙasa. Kuɗin na baya ake ba na gaba, har ranar da na baya suka ƙare. Abin da ke ba ni takaici shi ne, cikin waɗanda irin wannan guguwa ke kwashewa akwai masu digiri, har da waɗanda suka ci jarrabawar lissafi da kyakkyawan sakamako. Sun haddace ƙa'idar, ba a taɓa sa su auna ta da mudu ba.

To amma masanin lissafi idan ya ga lamba, ba nauyinta yake fara tambaya ba. Asalinta yake tambaya, kamar yadda dattijo ke tambayar baƙo ɗan gidan wa ne.

Tambayar farko, cika ce ko mara, wato shafa'i ce ko wuturi? Ta ƙare da 5, don haka wuturi ce, kuma 5 na raba ta ba saura. Idan aka tara alƙalumanta ashirin ana samun 87. Tunda 3 na raba 87, to 3 na raba ta, amma tunda 9 ba ta raba 87, to 9 ba ta raba ta. Wannan ɗan firamare ma zai iya. Daga nan mun san ba ta cikin lambobin asali, wato waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Haɗaɗɗiya ce, kuma kowace haɗaɗɗiyar lamba tana da jerin lambobin asalin da aka ninka aka same ta, jeri ɗaya tak wanda ba ya sauyawa. Ina sauran iyayen tata?

A nan wata 'yar dabara take aiki. Duk lambar da aka ninka da kanta aka ɗebe ɗaya, tana tsagewa gida biyu: ta ƙasa da ita da ta sama da ita. Goma sau goma a ɗebe ɗaya 99 ne, wato 9 sau 11. Lambarmu kuwa ita ce 4,294,967,296 sau kanta, a ɗebe ɗaya. Saboda haka ta tsage zuwa 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Ta farkon ita ma 65,536 ce sau kanta ba ɗaya, sai ta tsage zuwa 65,535 sau 65,537. Ita 65,535 ta ba da 255 sau 257. 255 ta ba da 15 sau 17. 15 ta ba da 3 sau 5. Cikin layi huɗu na rubutu, ba tare da doguwar rabawa ko ɗaya ba, mun fito da 3, 5, 17, 257 da 65,537, kuma dukkansu lambobin asali ne. Ragowar guda ɗaya ce, 4,294,967,297, kuma a kanta ne wani babban malami ya yi tuntuɓe.

Pierre de Fermat alƙali ne a birnin Toulouse na Faransa, lissafi kuwa abin debe kewarsa ne bayan an tashi daga kotu. Ya lura cewa waɗannan lambobi biyar 'yan gida ɗaya ne: a ɗebe ɗaya daga kowace, a ninka abin da ya rage da kansa, a mayar da ɗayan, sai ta gaba ta fito. Daga 3 a sami 5, daga 5 a sami 17, daga 17 a sami 257, daga 257 a sami 65,537. Tunda biyar na farko duk na asali ne, sai a shekarar 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk zuriyar haka take har abada, ko da yake ya yarda bai sami cikakkiyar hujja ba. Maganar ta zauna shekara casa'in da biyu. A 1732 wani saurayi ɗan shekara 25, Leonhard Euler, mutumin Suwizalan da ke aiki a birnin St. Petersburg na Rasha, ya nuna cewa ta shida, wato 4,294,967,297, ba komai ba ce illa 641 sau 6,700,417. Mai shakka ya ɗauki biro ya ninka.

Abin mamaki a nan shi ne ƙanƙantar 641. Ita ce ta 116 a jerin lambobin asali. Da Fermat ya zauna ya yi rabawa ɗari da 'yan kai, da ya kama ta da hannunsa. Euler ma bai yi wannan wahalar ba. Daga baya ya bayyana hujjar cewa duk lambar asalin da za ta raba wannan lamba dole ta zama ninkin 64 da ɗoriyar ɗaya. Da wannan rariya, 'yan takara suka koma 193, 257, 449, 577, sai 641, ta biyar. A ganina babu darasin da ya fi wannan dacewa da ɗalibin shekarar farko a jami'a. Misali biyar a jere ba hujja ba ne, ko da daga bakin Fermat suka fito. Kuma tunanin rabin sa'a kan rage aikin wata guda.

A wannan shekara ta 1732 ɗin dai, wani Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya kammala rubutunsa na Larabci a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje wuturi, irin wanda kowane layi nasa ke ba da jimilla ɗaya ta kowace fuska. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba shi da alaƙa da Euler, bai kuma yi aiki a kan lambarmu ba. Na ambace shi ne don masu ɗaukar wasa da lambobi a matsayin baƙon abu da Bature ya kawo mana.

Yanzu ga iyayen lambar Sissa su bakwai: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Babu wadda ta maimaitu a ciki, don haka babu wata lamba murabba'iya, irin 4 ko 9 ko 25, da ke raba ta. Kuma tunda kowace daga cikin bakwan ana iya ɗaukarta ko a bar ta, yawan lambobin da ke raba ta daidai shi ne biyu guda bakwai a ninke, wato 128, har da ɗaya da ita kanta. Lamba mai alƙaluma ashirin, amma masu raba ta ba su cika shafi ɗaya ba.

Biyar ɗin Fermat sun sake ɓullowa a inda ba wanda ya zata. Tun zamanin Uƙlidis, Girkawa sun san yadda ake zana siffa mai gefe uku daidai wa daida, da mai gefe biyar, da mai goma sha biyar, da rula marar maki da kamfas kawai. Mai gefe bakwai ta gagare su, mai tara ma haka, aka yi shekara dubu biyu ba a ƙara ko ɗaya mai gefe wuturi ba. A watan Maris na 1796 Carl Friedrich Gauss na Jamus, yana gab da cika shekara 19, ya gano cewa mai gefe 17 tana zanuwa. Ya kuma gano dalili: siffa mai gefe wuturi tana zanuwa idan yawan gefenta lambar asali ce ta gidan Fermat, ko ninkin irin waɗannan lambobi ba tare da maimaici ba. Pierre Wantzel ya kammala hujjar cewa babu wata hanya bayan wannan a 1837. Ke nan bakwai da tara ba gazawar Girkawa ba ce, ba su yiwuwa ne sam. Siffofi masu gefe wuturi da aka san suna zanuwa guda 31 ne kacal, kuma mafi girmansu tana da gefe 4,294,967,295, daidai da yawan ƙwayoyin da ke rabin allon Sissa. Wani Bajamushe, Johann Hermes, ya kashe shekara goma yana tsara yadda za a zana mai gefe 65,537, ya gama a 1894, takardunsa suna ajiye a Jami'ar Göttingen. Ban san ko in yaba masa ko in tausaya masa ba.

Akwai wani tsohon rabe-rabe da Girkawa suka fara, Sabit ibn Ƙurra ya fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. A tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. Idan jimillar ta yi daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6, wadda take 1 da 2 da 3, ko 28. Idan ta zarce ta, mai rara ce, kamar 12, wadda masu raba ta suka tara 16. Idan ta gaza, mai naƙasu ce, kamar 8, wadda nata suka tsaya a 7. Lambarmu, duk da girmanta, mai naƙasu ce: masu raba ta 127 sun tara kimanin kashi 70 cikin ɗari nata ne kawai. Uƙlidis ya nuna cewa lambobi masu irin ƙirarta, wato biyu-biyu a ninke ba ɗaya, su ke haifar da kammalallu, amma da sharaɗin su zama na asali, kamar 3 da 7 da 31 da 127, waɗanda suka haifi 6 da 28 da 496 da 8,128. Tamu ba ta cika sharaɗin ba, don haka ba ta da magaji a wannan gida. 'Yar'uwarta mafi girma da aka tabbatar ta asali ce an gano ta a watan Oktoban 2024: biyu guda 136,279,841 a ninke, ba ɗaya, mai alƙaluma fiye da miliyan 41. Sannan idan aka raba lambarmu da 8 saura 7 ke ragewa, kuma an tabbatar duk mai irin wannan saura ba ta samuwa daga tara murabba'ai biyu ko uku, sai huɗu, kamar yadda 7 kanta take 4 da 1 da 1 da 1.

Na ce tana cikin wayar mai karatu. Kwamfuta ba ta ƙidaya da goma-goma kamar mu, da biyu-biyu take yi, kowane gurbi ko a kunne ko a kashe, ɗaya ko sifili. Yawancin wayoyi da kwamfutocin yau suna aiki da jerin gurbi 64 a lokaci guda, allon Sissa ke nan aka miƙe shi layi ɗaya. Idan aka kunna gurabun duka, lambar da ta fito ita ce tamu. A ƙara ɗaya a kai, sai ma'aunin ya juye ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota. Na'urorin da suka gabata masu gurbi 32 sun sha cin karo da bangonsu. A ƙarshen 2014 YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurbi 64, saboda bidiyon wata waƙar Koriya ta Kudu ya kai iyakar tsohon ma'aunin, 2,147,483,647. Wannan iyaka ɗin dai tana jiran duk na'urar da har yanzu ke ƙirga daƙiƙoƙi daga farkon 1970 da gurbi 32: agogonta zai cika ya juye ranar 19 ga Janairun 2038.

Tsaga lamba zuwa iyayenta kuwa, wanda Fermat da Euler suka yi don nishaɗi, yau shi ne ƙofar taskar bankuna. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda masana uku suka fitar a Amurka a 1977, ya dogara ne a kan cewa ninka manyan lambobin asali biyu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon abu ne mai tsananin wuya. Lambarmu mai alƙaluma 20 kwamfuta za ta tsaga ta kafin ƙiftawar ido. Mai alƙaluma 250 sai a 2020 wata tawagar masana ta iya tsaga ta, bayan ta haɗa ƙarfin dubban na'urori. Makullan da aka fi amfani da su yau suna da alƙaluma 617. A cikin mafi yawan waɗannan makullai kuma akwai wata ƙaramar lamba da aka zaɓa don ta sauƙaƙa aikin kullewa, ita ce 65,537, ta biyar a gidan Fermat, ɗaya daga cikin iyayen lambar Sissa.

Ta shida a wannan gida da za ta zama ta asali har yau ba a gan ta ba. Tun daga wadda Euler ya tsaga, an bi guda 28 a jere, duk an tarar haɗaɗɗu ne. Wadda ke biye da su tana da alƙaluma fiye da biliyan biyu da rabi, kuma babu na'urar da ta iya yanke hukunci a kanta tukuna.